Sa Ni In Sa Ka

Sau huɗu Dakta Mahfuz yana zuwa bakin ƙofar kwamitin ladabtarwa yana juyawa. Zama ya gagare shi. Shekara goma sha shida yana koyarwa a jami'ar, ga shi yau takardar bincike guda tana neman raba shi da aikinsa.

Abin haushin, ko kalma ɗaya bai rubuta a cikinta ba. Al'adar majalisarsu ce, malamai maza da ke haɗuwa wurin mai shayi a Yelwa bayan la'asar: sa ni in sa ka. Wanda ya yi bincike sai ya jera sunayen abokai, gobe su rama masa, kowa ya samu ƙarin girma. Mata ba sa zaman majalisa, don haka kowacce tata ta fisshe ta.

Dakta Abdulbaqi ne ya sa shi, wata biyu bayan ya ari kwamfutarsa. Mahfuz ya yi godiya har da addu'a. Ashe binciken ruwan rijiyoyin Yelwa ne ya kwafa daga kwamfutar, wanda Dakta Ikilima ta sashensu ta shekara uku tana bi gida-gida da kwalabe tana haɗawa. Sau biyu ta nemi Mahfuz su yi aikin tare, ya ce a'a, mutane za su yi surutu. Da ta ga guminta a mujalla ɗauke da sunayen maza biyar, sai ta shigar da ƙara. Tun ranar ko gaisuwarsa ba ta amsawa.

Aka kira shi. Ikilima tana zaune a gefe, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Dakta," in ji shugabar kwamitin, Farfesa Folake, "ka karanta takardar kafin a sa sunanka?"

Gaba kura, baya siyaki. In ya ce e, ya san kayan sata ne, sai kora. In ya ce a'a, hukuncin da sauƙi, amma wa zai yarda? Abdulbaqi ya riga ya rantse tare suka rubuta.

"Wallahi ban karanta ba," ya ce.

"Kana da shaida?"

Sai Ikilima ta gyara mayafi.

"Ni ce shaidarsa, ranki ya daɗe. Bai karanta ba. Shekara uku aikin nan yana kan teburin ɗakin kwananmu, kullum sai na ce, Baban Yasmin, duba min ko shafi ɗaya ne. Bai taɓa buɗewa ba."