Abin da Aka Ji a Baiti na Uku

An sallami malamar waƙa ranar Litinin, washegarin bikin raba kyaututtuka na makarantar.

Laifinta shi ne koya wa yara sassauta murya. A da ihu suke yi daga farko har ƙarshe, manya kuma suna hirarsu a kan dandamali. Ita ta ce musu, "In na sauke hannu, ku yi kamar kuna lallashin jariri."

Ranar bikin, yara suna waƙa, a baiti na uku ta sauke hannu. Zauren ya yi tsit, sai ga muryar shugaban makaranta tar a lasifika, yana ce wa mataimakinsa, "Mushen ɓera ne kawai a tankin ruwan. Bar su su sha, ai ba 'ya'yanmu ba ne."

Har yau ba a wanke tankin ba.