Ƙwayoyi Huɗu a Ƙarƙashin Tabarma

Ina ɗan shekara tara, wata rana bayan la'asar Inna ta ɗaga tabarmata za ta yi shara, sai ga fararen ƙwayoyi huɗu. Maganin ciwon raunin tsoka ne da likita ya ɗora ni a kai, don ƙafafuna su daɗe suna ɗaukata. Ya kumbura mini fuska har yaran unguwarmu ta Ƙofar Ran suna kirana Alkubus, shi ya sa nake ɓoyewa.

A lokacin ina kwance a gefe jiri na ɗibata, na yi amai sau biyu. Inna ta ɗauki mayafi ta ajiye, ta kai zaure ta dawo.

"Kwana nawa ba ka sha ba?"

"Huɗu, Inna."

"Ba a gabanka likita ya ce ba a yanke shi rana ɗaya ba? Shi kaɗai zai rage maka!"

Ba ta dake ni ba. Goya ni ta yi, ta fita neman keken da zai kai mu asibiti, ina jin bugun zuciyarta a ƙirjina. Har yau abin na hana ni sukuni, don ban taɓa ba ta haƙuri ba.