Kumbon da Baba Ya Yi Kyauta da Shi

Ina yaro a Samaru, da gwangwanin madara nake ƙera kumbunan 'yan sama jannati irin na fim, in jera a taga. Mai jan fiffike na fi so, har yau tabon yankansa na yatsana.

Wata la'asar abokin Baba ya zo daga Muciya da ɗansa. Yaron na ganin kumbon ya fasa kuka.

"Ba shi mana," in ji Baba. "Ai kai babba ne."

Na miƙa. Ko zaure bai kai ba ya take shi, manya suna dariya.

Yau kumbunan da nake saya suna cikin kabad, da kwaɗo. Baba yana cewa rowa gare ni. Ƙwarai kuwa. Shi ya koya mini.