Kunnen Mai Guduma

Kawu Jatau, yau kwana arba'in ke nan da muka kai ka makwancinka, amma har yanzu in na bi ta gindin darbejiyar bakin tasha sai in ji kamar za ka yi gyaran murya. Ran da na hana Ladiyo bin 'yan ajinsu zuwa inda ake gyaran jiragen ƙasa, na ce 'yata ta yi ƙanƙanta da taɓa ƙarfe, ba ka yi mini faɗa ba. Misali ka ba ni. Bari in maimaita maka, ko na riƙe shi daidai.

Ka ce an yi wani tsoho a reluwe, aikinsa in jirgi ya tsaya ya bi ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da 'yar guduma. Lafiyayyar ƙafa takan amsa da ƙara mai tsawo, kamar an taɓa tasa a ɗakin amarya. Mai tsaga kuwa sai ta yi gum, ta haɗiye muryarta. Da kunne kaɗai yake tsare rayukan matafiyan da ba su san ko sunansa ba. Ana nan sai kunnen ya fara nauyi. Ya nemi magaji cikin manya, ya yi ta bayani suna gyaɗa kai, amma kowace ƙafa suka buga, ƙara ɗaya suke ji.

Ran nan ya ɗauki tukwanen ƙasa biyu, ɗaya da tsaga siririya kamar silin gashi, ya tafi firamare ya roƙi malami ya ara masa 'yan aji biyu. Bai yi musu bayanin komai ba. Ya ce su rufe ido, kowa ya ƙwanƙwasa da yatsa ya saurara. Daga tukwane ya kai su tasha, ya miƙa musu gudumar. Suka yi ta bugun ƙafafun wani tarago da aka ajiye, suna dariya, ƙarar tana bin layin dogo har can inda ƙarafan biyu suke haɗuwa da sama. Wata 'yar mitsitsiya, da hannu biyu ma take ɗaga gudumar, ta tsaya a ƙafa ta shida ta ce, "Baba, wannan mura take yi." Tsohon ya durƙusa ya shafa, sai ga tsaga. Shi kansa bai ji ta ba. Ka ce yarinyar nan ta girma ta zama injiniya, kuma ko gada aka kai ta dubawa, sai ta fara lumshe ido.

Kawu, ni da karatuna ya tsaya a aji uku na sakandare, na ɗauka ilimi a jikin allo kawai yake zaune. Jiya Ladiyo ta kawo takardar neman izini daga makaranta, za a sake kai su wurin gyaran jiragen ranar Laraba. Ta ajiye mini ba ta ko dube ni ba, don ta san amsar bara. Na sa hannu, na ninke takardar a aljihun rigata. Ban gaya wa kowa ba tukuna, ko uwarta, ko ita kanta. Kai na fara faɗa wa, tunda kai ne ka rufe zancen ran nan da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.