Kada Ku Bar Lubna Ta Fita da Keke

Tsakuwa na tsalle a ƙarƙashin tayar kekena, hadari ya haɗo baƙi ƙirin a bayan dutsen Uhudu. Sanarwa ta shigo waya: ambaliya na tafe, kowa ya bar kwari. Ni kuwa cikinsa na nufa.

Na daɗe ina bin wannan hanyar a ɓoye. Kekena a gidan ƙawata Hanan yake kwana, Abbana kuma ya ɗauka ɗakin karatun jami'a nake zuwa. Mutum ɗaya ya san sirrina: Malam Rabo, tsoho ɗan Nijar mai gadin gonar dabino a ƙasan kwarin, wanda kullum yake cika min gora da ruwa. Wayarsa ta lalace, ba wanda zai gaya masa.

Na faɗi a kan duwatsu, gwiwata ta fashe. Na tashi. Taya ta sace, na ci gaba da tuƙawa a haka. Wahala ba ta taɓa mayar da ni gida ba.

Na isa gonar ina ƙwala masa kira. Ɗakinsa a kulle.

Sai wayata ta yi ƙara. Abba ne.

"Ya binti, 'yata, ga wani dattijo a ƙofa, ya tako tun daga kwari yana tambayar gidanmu. Wai don Allah kada mu bar ki ki fita da keke yau. Lubna, wane keke? Kina ina?"

Na buɗe baki zan amsa, sai na ji rugugin ruwa a bayana.