Hasashen Khaulat

"Ke da kike karatun lissafi, me kika sani a labari?" Ja'afar, shugaban guruf ɗin masu bin littafin Daular Ƙarƙashin Kogi, ya rubuto. "Wai makahon masuncin nan ne sarkin aljanun da ya ɓata? Ki nemi magani!"

Wata da watanni Khaulat tana shan zagi a kan hasashen nan, ba ta janye ko kalma ɗaya ba. Ranar da ta jero hujjojinta tun daga littafi na farko, Ja'afar ya cire ta daga guruf ɗin.

Ran Juma'a sai ga shi ya tare ta a ƙofar jami'a, yana ta zufa.

"Malama Khaulat, ki rufa min asiri. Ni ne marubucin, da sunan ɓoye nake fitarwa. Kin gano ƙarshen labarin, shi ya sa na kore ki."

Ta dube shi sheƙeƙe, sannan ta danna ɗaukar murya ta miƙa wayarta saitin bakinsa.

"Duk waɗanda ka kora suna guruf ɗina. Maimaita da ƙarfi, Malam, ƙarar babura ta hana su ji."