Safar da Ta Zama Akurkin Kaji

Jatau, rage muryar rediyon nan ka matso. Tun ɗazu nake jin ka kana bugun ƙirji, wai safar da ake ƙerawa a ƙasarmu ta fi ta maƙwabta, wai yau sun sha kunya. Kai da ko taya ba ka mallaka ba! Zauna in ba ka wani misali, in na gama sai ka ci gaba da tafinka in ka ga dama.

An yi wasu ƙasashe biyu, kogi ne ya raba su, gada ɗaya ta haɗa su. Ta gabas Allah ya hore mata ƙarfe da gwanayen inji. Ta yamma kuwa babu kamarta a aikin bodi da kujeru. Injin can ya hayo gada, bodin nan ya rufe shi, safa ta fito garau, kowa na samun na tuwo. Ana nan sai gardama ta tashi a kan sunan wa za a rubuta a goshin motar. Wasa-wasa ƙaramar magana ta zama babba. Kowace ta ce ai ita ma ta isa, ta gina masana'antarta, daga taya har rufi sai nata. Don kada na tsallake ya ƙaru da ita kuma, kowace ta sauya awon notinta da na kayan gyaranta, ta yadda ko sifanar can ba ta kama notin nan. Wannan ta karya farashi, waccan ta ƙara karyawa, ana sayarwa a kan faɗuwa, rediyo na ta kiɗa ana cewa mu ne a gaba.

To, akwai wani manomi a yamma, mai gonar gado a bakin fadama da iyali cike da gida. Kiɗan nan ya shige shi har ɓargo. Ya sayar da gonar ya sayi safa 'yar gida sabuwa fil, ya sa aka zana mata tuta gaba da baya. Matarsa ta ce, "Malam, gona dai ba ta mutuwa a kan hanya." Ya ce ina ruwanta da kishin ƙasa. A tashar bakin gada yake haɗuwa da wani direban gabas, shi ma da tasa safar mai tuta, kullum sai sun yi. Manomin ya ce motar gabas rariya ce, da damina sai fasinja ya buɗe lema a ciki. Na gabas ya ce ta yamma ba ta hawa tudu sai an sauka an tura. Kuma wallahi dukansu gaskiya suke faɗa.

Ba a je ko'ina ba asara ta cinye masana'antun. Ta yamma aka fara garƙamewa, mutanen gabas suka yi biki. Tuwon bikin bai gama narkewa a cikinsu ba aka sa wa tasu kwaɗo. Sai ga tsofaffin motocin gwanjo daga bayan teku, waɗanda masu su suka gaji da su, jirgin ruwa na ta juye su, suka cika tashoshin ƙasashen biyu. Ana cikin haka wani ƙarfe ya karye a giyar safar manomin, ƙarfen da bai fi tafin hannu ba. Ya karaɗe yamma kaf, babu. Ya haɗiye girman kansa ya taka gada da ƙafa, ya tarar da irinsa tsibi guda a kasuwar gabas, yana tsatsa. Ya sayo da murna. Bakanike ya gwada, ya juya, ya sake gwadawa, ya ƙi zama. Bambancin bai wuce kaurin farce ba, kuma da gangan aka yi shi. Aka goge, aka doka da guduma, giyar ta tarwatse gaba ɗaya. Da shanun huɗar mutumin da ya sayi gonarsa aka ja safar zuwa ƙofar gida. Tayoyi suka nutse a ƙasa, rana ta cinye tutar, kaji suka mai da kujerar direba wurin saka ƙwai. Matarsa da 'ya'yansa suka koma ƙwadago a gonar da ta kasance tasu. Ni wannan ne ke ci mini rai duk lokacin da na tuna.

Shi kuwa ya koma tashar bakin gada yana kamasho. Ran nan yana cikin kira wa wata motar gwanjo fasinja sai ya ji wata murya a ɗaya ƙofar motar tana cewa saura mutum ɗaya. Ya leƙa, ashe abokin gardamarsa ne, ya rame, riga duk faci. Tsatsa ta cinye bodin tasa safar, inji na nan lafiya ƙalau a tsakar gida an rufe shi da buhu. Wannan na da bodi ba inji, wancan na da inji ba bodi, kuma ko noti ɗaya na wannan ba zai shiga na wancan ba. Suka kalli juna. Direban motar gwanjon ya danna musu oda, suka juya suka ci gaba da yi masa lodi.

Ka ji, Jatau. Ka duba tashar garin nan ka gaya mini motar wa ke lodi, sannan ka zo ka yi mini tafi. Hausawa ba su faɗi banza ba da suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.